Soket Ɗin Da Aka Kashe Ranar Alhamis

Shekara goma sha ɗaya na yi ina fama da wata baƙar hoda wadda ba ta cika cokalin shayi ba. Katalis muke ce mata. Ita ke sa iskar gas ta juye ta koma man mota, ita kuwa ba ta ƙarewa. Saboda ita aka ɗauko ni daga Zariya aka ba ni ɗakin bincike a Doha.

Ba a ganin aikin da take yi sai an kai ta gaban wata na'ura mai suna sinkirotiron, wani ƙaton zobe da ya fi filin ƙwallo girma, mai fitar da haske irin na hoton ƙashi a asibiti, amma mai tsananin ƙarfi. Babu ita a Katar. Turai ake rubutawa a roƙa. Sau biyu ana hana ni, a na uku aka ba ni kwana uku. Kwana uku tak, bayan jiran shekara biyu!

Hodar nan kuma ba ta shiri da iskar da muke shaƙa. Da ta taɓa ta, ta yi tsatsa, ta tashi daga aiki. Don haka cikin akwatin gilashi muke ajiye ta, wanda aka cika da wata iskar daban, da safar roba biyu a jikinsa inda muke zura hannu. Injinsa ba a kashe shi, ko ranar Sallah. In yana aiki, safar nan miƙewa suke yi waje kamar mai son a gaisa.

Mai gadin benenmu Bagusaye ne, wato ɗan Gusau, sa'ana, mai 'ya'ya mata huɗu a gida. A unguwar Bin Omran yake kwana, su shida a ɗaki. Kullum da safe sai ya ce, "Dakta, ya hodarmu?" Ya san ba a taɓa soket ɗin akwatin, har sababbin masu shara yake yi wa kashedi. Ya kuma san halin kafil ɗinsa, kamfanin da ya kawo shi: ƙorafi ɗaya a rubuce ya isa a soke masa biza a ɗora shi a jirgi.

Sai aka kawo mana sabon manajan gini, mutumin da bai taɓa sa farar rigar aiki ba, daga wani otal aka kwaso shi. Ya kafa doka, wai kowace Alhamis da la'asar a kashe duk wani soket, a rage shan wuta kafin hutun Juma'a da Asabar. Na rubuta masa bayani, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na manna jar takarda a jikin soket ɗin, da Turanci da Larabci.

Saura kwana tara tafiyata, wata Alhamis na tashi da wuri na kai mai ɗakina asibiti a unguwar Old Airport. Ashe ina fita manajan ya zo zagaye da kansa. Ya ga wuta a jikin akwatin, ya ce wa mai gadi ya kashe. Mai gadi ya nuna masa takardar, ya ce Dakta ya hana. Manajan ya daka masa tsawa da Larabci, "Yalla, khalas!", wato maza, magana ta ƙare. Ya tsaya a kansa har sai da ya kashe, sannan ya kulle ɗakin ya tafi da makulli.

Mai gadin nan, bawan Allah, ya kira ni sau uku, wayata na aljihu ba ƙara. Ya turo saƙon murya. Na gani, na ce gaisuwar Juma'a ce, na bari sai Lahadi. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Lahadi da safe ina buɗe ƙofa na hangi safar nan sun saki, suna reto. Iska ta shiga akwatin, hoda ta lalace. Aikin wata huɗu ya tafi, kuma ba a haɗa wata hodar cikin kwana shida. Da hannuna na rubuta wa mutanen Turai su ba wani kwanakina.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Ranar Talata manajan ya shigo da takarda, yana murmushi, wai in sa hannu. Na karanta: sakacin ma'aikacin tsaro.

Na ce, "Wane sakaci? Wa ya ce masa ya kashe?"

Ya ce, "Hannun wa ya taɓa soket ɗin?"

Kai! Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a garinmu wannan shi ake kira a bar jaki a daki taiki, na fassara masa tiryan-tiryan, har da nuna masa waye jakin. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "Kwantar da hankalinka, Dakta. Gobe kamfani zai turo wani. Ai duk ɗaya ne."

Duk ɗaya ne! Mutum ne fa, ba kwan fitila ba. Na tura masa takardarsa. Na zauna na rubuta tawa, shafi uku, na haɗa da wasiƙata ta farko da hoton jar takardar, na hau sama na kai wa shugaban cibiyarmu hannu da hannu. Aka ba ni gahawa da dabino, aka yaba mini, aka ce za a duba. Na yi ta sintiri har sakatarensa ya fara ɓuya in ya hango ni. Ashe sa hannuna ma ado ne. Tun ranar Litinin an riga an aika wa kamfani ƙorafin.

Bayan mako biyu na iske baƙuwar fuska a bakin ƙofa. Na juya mota sai Bin Omran. Na sami mai gadinmu zaune a gefen gadonsa na ƙasa, yana ɗaure jaka da igiya, jirginsa da yamma. Na zo da maganganu cike da baki, in ce masa na yi iyakar ƙoƙarina, in ce ya yafe mini saƙon da ban saurara ba. Kafin in buɗe baki ya miƙe, ya kama hannuna da hannu biyu.

Ya ce, "Dakta, don girman Allah ka yafe mini. Na ɓata maka aikin shekaru."

Na tsaya kamar an dasa ni. Ya ga na kasa magana, ya ɗauka fushi nake yi da shi, sai ya ƙara sunkuyar da kai ya sake roƙona.