Koren da ke ƙarƙashin kujera

Na daɗe ina feshin mota a Kankara, kuma ina da baki a kan aikina. Aiki ɗaya ne ba na kawo labarinsa idan ana hira a gareji.

Wani tsoho ne daga wajen Tafoki, tsohon direban soja, ya sa aka jawo masa wata jif da tarakta har ƙofata. Ya ce ita ya tuƙa a yaƙin basasa. Da aka yi gwanjon motocin soja ya bi ta ya saya, ya yi ta jigilar dawa da masara tsakanin Faskari da Sabuwa har injin ya ce ya gaji.

"Ba tashi nike so ta yi ba, ɗana," in ji shi. "Kalatta ta soja nike so ka maido mani, in gan ta kamin idon ga ya ida tahiya."

Na bugi ƙirji na ce, "Baba, ai ka zo gidan."

Neman fentin asali haƙuri yake so. Na jiƙa samfefa, takardar nan mai kaushi, na riƙa goge ƙofa a hankali. Shuɗi ya tafi, fari ya fito, ƙarƙashinsa wani rawaya da ban san wanda ya yi wannan ɗanyen aikin ba. Can ƙasa na tarar da koren, amma rana ta cinye shi tun kafin a rufe shi, ya koma toka-toka. Dole sai inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Da na ɗaga kujerar direba na ga wani tsohon buhu a ninke, an shimfiɗa shi da kyau. Na janye shi, sai ga fentin nan, faɗinsa bai wuce faifai ba. Kore ne mai duhu kamar garin kuka, ba ya ƙyalli ko kaɗan, don soja ba ya son abin da zai haska wa abokin gaba.

Kwana uku ina haɗi. Kore, rawaya, baƙi, ɗigon ja. Yana ɗanye sai ya yi kamar shi ne, yana bushewa sai ya bauɗe. Ni kuwa ba ni da doguwar zuciya. A rana ta huɗu ga zafi, ga motoci sun yi layi, na ɗauko koren gwangwani irin wanda muke fesa wa ƙofofin gidaje, na zuba masa baƙi, na feshe motar tas. Ta fito tana walƙiya kamar sabon kwano.

Da na sake ɗaga kujera, ƙaryata ta fito fili, ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na sa samfefa na goge ɗan fentin asalin nan har ƙarfe don fenti ya kama, na feshe shi shi ma. Na ce a raina, tsohon da ba ya gani sosai, da me zai gwada?

Aka kawo shi da hantsi a bayan babur. Ya zagaya motar yana shafa ta da tafin hannu. Ina ta zuba, ina ba shi labarin wahalar da na sha. Sai ya ce, "Ɗaga mani kujera."

Na ɗaga.

"Mu shida muka shiga motag ga," ya ce yana sunkuyawa, "ni kaɗai na saura. In kewa ta taso mani, nan nike zuwa in duba."

Ya kai fuskarsa dab da ƙarfen. Ya daɗe a haka, har na ji numfashinsa. Sannan ya miƙe da ƙyar.

"Har nan ka kai?"

Na ce, "E, Baba." Da ya zage ni da na ji sauƙi.

"Allah shi yi ma albarka," ya ce. "Ka yi aiki har inda ba a sa ka ba."

Ya nemi buhunsa. Na tsamo masa shi daga cikin shara, ya kakkaɓe, ya ninke shi yadda yake a da, ya mayar ya rufe wurin.