Kashin Kura a Ƙofar Ango

Ko na manta sunan makarantar da na fara koyarwa, ba zan manta da la'asar ɗin da jakuna suka ƙi shiga gidana ba. Shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, ina ƙaramin malami a Gubuci, an sa mini rana da wata malamar 'yan mata a Zariya. Da na je sallama sai ta ba ni irin fure a ƙullin takarda, ta ce, "Malam, in na zo na tarar da su a raye, na san za ka iya riƙe ni." Wasa take yi, ni kuwa na ɗauka da gaske.

Na shuka su a bakin zaure, suka fito ja da ruwan ɗorawa, gwanin sha'awa. Dattawa in sun wuce sai su tsaya su ce, "Sannu da aiki, Malam. Wannan miyar me ake yi da shi?" In ce kallo ake yi. Su girgiza kai su ce boko dai bai yi ba.

Ashe akwai mai miyar. Gidana ne na ƙarshe kafin daji, kullum da asuba sai wata gada ta zo ta yi karin kumallo da furannina. Na yi darni, ta tsallake. Na rataya gwangwanaye, ta mai da su kiɗa. Na barbaɗa barkono, ni na yi ta atishawa. Wallahi har rama na yi, ga biki saura mako uku.

Sai na tafi wajen wani tsohon maharbi a unguwarmu. Ya ba ni kashin kura cike da ƙwarya, ya ce, "Ɗana, kaɗan ake sawa, ta gefen daji kawai." Na ce to, Baba. Amma a raina na ce in kaɗan na magani, ai da yawa ya fi. Na zagaye gidan kaf, har dokin ƙofa ban bari ba. Gada ta ɗauke ƙafa. Awakin maƙwabta ma suka sake hanya, ni ko ina ta hura hanci, ban tambayi kaina komai ba.

Ranar kawo amarya mota ta sauke su a Maƙarfi, aka ɗora kayan ɗaki a kan jakuna uku. Ina ɓoye a gidan abokina kamar yadda ango ke yi, na ji guɗa na matsowa. Can sai guɗar ta koma salati. Jakunan suna shaƙar iskar gidana suka miƙe kunnuwa, suka tirje, suka hau harbi. Na gaba ya watsar da tasoshi, na biyu ya fasa randa, na uku ya nufi gonar dawa da katifa a bayansa, mai shi na bin sa yana zagi.

Aka fito da ni dole. Gwaggon amarya, wata doguwar tsohuwa mai kaifin harshe, ta riƙe ƙugu ta ce, "Gidan da jaki ya ƙi shiga, 'yata ba ta shigarsa. An binne wani abu a nan. Ku juya mu koma!" In na yi shiru na rasa mata, in na yi magana na zama abin dariyar gari. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ba asiri ba ne. Kashin kura ne, ni na zuba, saboda furen da ta ba ni."

Gwaggo ta ce, "Da hannunka?" Na ce da hannuna. "Saboda ciyawar da ba a ci?" Na ce ƙwarai. Maharbin nan da ke cikin 'yan kallo ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Ai na ce kaɗan!"

Amarya na lulluɓe, kafaɗunta na rawa, na zaci kuka take. Sai ta raɗa wa ƙawarta magana, ƙawar ta ɗaga murya: "Ta ce a ba ango tsintsiya, za ta jira." Haka na share ƙofar gidana cikin babbar rigar angonci, mata na yi mini waƙa. Jakunan dai ba su yarda ba, a ka muka shigar da kayan.

Tun ranar na gane cewa garin neman gira ana rasa ido. In masanin abu ya ce maka kaɗan, tsaya a kaɗan ɗin. In kuma ka riga ka tafka, faɗi da bakinka, don gara a yi maka dariya da a juya maka da amarya.