Usaini Mai Awon Hanji

Usaini Bubayero mahauci ne a unguwar Coal Camp ta Enugu. A gaban teburin nama ya yi furfura, kuma bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin cikin dabba ba.

'Yarsa Ikram, mai karatun likita, ita ta jawo maganar. Ta gaya masa farkon ƙaramin hanji sunansa duodenum da Turanci, daga harshen Latin aka aro shi, wai tsawonsa faɗin yatsu goma sha biyu ne, kamar yadda Girkawan dā suka auna.

Tun daga ranar, duk saniyar da aka feɗe sai Usaini ya shimfiɗa hanjinta yana jera yatsu. Masu sayen kayan ciki na tsaye, ƙuda na bin nama, shi kuwa yana ta zargin Girkawa da tauye awo. 'Yan okada, wato 'yan acaɓa, suka sa masa suna Farfesa, ya kuma amsa.

Da Ikram ta zo hutu ta ce, "Baba, ai hanjin mutum suka auna, ba na saniya ba."

Usaini ya ajiye wuƙa a hankali. "Mutum suka feɗe? Amma mu masu yanka shanu ake ce wa marasa imani!"