Tsatsar da ta Ci Injin Namadi

Namadi mutumin Kaoje ne. Shinkafa yake nomawa, har ruwa ya tashi ya cinye masa gona shekara biyu a jere. Sai ya ɗauki matarsa Dela suka dawo Bagudo. Nan Alhaji Abdulrashid, mai safarar albasa zuwa ƙasar Benin, ya ɗauke shi aikin kula da harabar gidan baƙinsa.

Harabar shimfiɗe take da ciyawa, irin wadda Alhaji ya gani a wani otal can ƙetare ya ce sai ya yi tasa. Ya sayo injin yankanta, ja, ɗan Kwatano, aka shigo da shi ta Lolo, garin kan iyaka, a bayan akori-kura. Tun ranar ba wanda ya taɓa tura shi sai Namadi.

Shekara goma sha huɗu suna tare. Fentin ya koɗe, an sauya taya sau uku, amma kwanon ƙarfen da ke rufe wuƙar, wanda Namadi ke kira kasko, ko huda ɗaya bai yi ba. Da damina ta ɗauke, ciyawa ta daina tsawo, sai ya tsiyaye fetur, ya kishingiɗe injin, ya kankare danƙararriyar ciyawar da ta manne a cikin kaskon da wani tsohon cokali. Ya bi da burushin waya, ya wanke, ya shanya kwana biyu. Sannan ya shafe shi da baƙin mai lungu-lungu, ya ɗora shi kan bulo huɗu a sito don kada ya taɓa ƙasa. Da buhu yake rufe shi. Ya ce leda tana sa ƙarfe gumi.

Alhaji ya rasu ana cikin girbin gero. Gidan ya faɗa hannun babban ɗansa Shamsu, wanda ya dawo daga Birnin Kebbi da niyyar sayar da takin zamani. Ranar da motar takin ta iso, Namadi ya gama yankan ƙarshe ke nan, ya tura injin sito, ɗanyar ciyawa cunkushe a cikinsa. Kafin ya ɗauko cokalinsa an fara jibga buhuna.

"Ranka shi daɗe, a ba ni yini guda in hidda shi in gyara," in ji Namadi. "Taki na cin ƙarfe."

Shamsu bai ɗago daga wayarsa ba. "Ƙarfe ne, tsoho, ba jariri ba."

"Ko ƙofa a bari in jawo shi waje."

"Don ka samu hanyar shiga sitona? Na san irinku."

Ya datse kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Masu sauke kaya suka yi dariya. Namadi ya girmi uban kowannensu, amma haka aka bar shi tsaye da cokali a hannu.

Wata bakwai yana roƙo. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya tare Shamsu a bakin mota. Wani lokaci a ce masa gobe, wani lokaci a ɗaga gilashi yana cikin magana. Dela ta ce, "Malam, ka bar wulaƙanta kanka kan abin da ba naka ba." Ya ce mata shi ya san abin da ke faruwa a bayan ƙofar nan.

Damina ta sauka, ciyawa ta kai gwiwa. Shamsu ya shirya wa abokansa walima, sai ga shi da mabuɗi. Da aka janye buhunan, ashe ɗaya ya fashe a kan injin tun tuni. Takin ya jiƙe ya daskare. Namadi ya sa yatsa ya danna kaskon, yatsan ya shige.

"Ba ya ɗauka, ranka shi daɗe. Wuƙar na iya fitowa. A kai wa mai walda, ko in sa lauje."

"Lauje? Baƙi na tahe da la'asar. Shekara nawa kana cin tuwon gidan ga da sunan injin ga? Tada shi, ko ka aje aikin yanzu."

Namadi ya zuba fetur. A ja na shida injin ya kama, yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ya yi layi ɗaya lafiya. A na biyu wuƙar ta daki dutse, kaskon ya yage, wani ɓallin ƙarfe ya sare shi a ƙwauri har ƙashi, wani ya tashi ya sami motar Shamsu.

Shamsu ya rugo a guje, ya wuce shi yana kwance, ya durƙusa gaban ƙofar motar yana shafa inda ta karce. Sai da ya gama dubawa ya juyo.

"Ku ja shi daga kan ciyawar, jini na ɓata wuri."

Wani mai gyaran babur da ke ƙofar gidan ne ya ɗaure ƙafar da rawani ya kai shi asibiti. Da la'asar baƙi suka zo, aka shimfiɗa darduma a kan wurin. Shamsu ya ba su labarin tsohon da ya bar injin marigayi Alhaji ya ruɓe saboda lalaci, har ya so ya kashe mutane. Wasu suka ce ai ya yi haƙuri da bai kira 'yan sanda ba.

Kwana tara Namadi ya yi a gado. Ranar da ya dawo gida ya tarar da gawar injin a ƙofar ɗakinsa. Wanda ya kawo ya bar saƙo wurin Dela: Alhaji Shamsu ya ce wannan ce sallamarsa, kada ya sake taka gidan. Dela ta kira masu sayen tsohon ƙarfe a ranar, ba ta ko shawarce shi ba. Yana ji daga ɗaki suna farfasa shi da guduma.

Ƙafar ba ta koma daidai ba. Yanzu ranar kasuwar Lolo yana zama kusa da 'yan dabbobi, yana wasa wa mutane lauje da adda, ƙafar miƙe a kan buhu, yana korar ƙuda daga miki. Makiyaya sun san shi, sukan kawo masa nono. Shamsu kuwa ya sa an tuge ciyawar an malala siminti. Yakan bi ta Lolo da motocin taki, wani lokaci har ya tsaya sayen nama a rumfar da ke kallon ta Namadi. Sau ɗaya ya dube shi, ya tambayi mai naman ko wannan tsohon bai mutu ba har yanzu.