Kwamfutar da Ba Ta Ci

Tashi daga Daura

Ana sallame sallar asuba na saɓa kwalina a kafaɗa na nufi tasha, ko koko ban tsaya sha ba. Kwalin sabulu ne, amma kwamfuta shida ce a ciki, irin ta ɗorawa a tebur. Kada ku yi mamaki, kowacce ba ta fi faɗin tafin hannu ba. A Kano na saro su wajen wani mutum da ya cika ni da bayani: ba ta da fanka, ba ta ƙara, ba ta cin wuta, batirin mota da ɗan faifan sola sun ishe ta yini, kuma ba ta gurɓata muhalli. Na ce to ai mu da wutar gari ke leƙo mu ta koma, wannan tamu ce.

Jarin kuwa san huɗar yayana ne, Yaya Sale. Shanu biyu gare shi, na yi ta bin sa da daɗin baki har ya sayar da ɗaya ya ba ni, a kan kafin ruwan shuka zan mayar masa da wani. To ga shi na daɗe zaune a shago ban sayar da ko guda ba, hadari kuma ya fara haɗowa ta gabas, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Shi ya sa na ce bari in bi garuruwa da kaina. Yaya ya rako ni ƙofar gida, bai ta da maganar san ba, ya ce, "Habibu, Allah ya ba da kasuwa." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sandamu

Ƙaramar mota na samu, mu biyu a gaba ban da direba, kwali a cinyata, jakar allon gwada kwamfuta da batiri a tsakanin ƙafafuna. Direba ya leƙa kwalin ya ce, "Dikoda ce?" Na ce kwamfuta ce. Ya ce, "To, Allah ya sa ta girma."

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka isa. Wanda na je dominsa Alhaji Ɗanladi ne, dillalin shanu, yana da shagon buga takardu a bakin titi. Tun daga nesa na ji janaretonsa yana ta ruri yana hayaƙi, na ce yau dai na zo inda ake bukatata. Na haɗa guda ɗaya da batirina, allo ya kawo haske, na juyo na ce, "Alhaji, ka ga wannan? Ba ta cin wuta."

Ya ce, "Ba ta ci?"

Na ce, "Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Kuma ba ta ɓata muhalli."

Ya ce, "Muhallina lafiyarsa ƙalau, bana aka yi mini yaɓe. Maganar cin nan dai. Yaro, tun ba a haife ka ba nake cikin kara. In aka kawo mini sa aka ce ba ya ci, ba na tambayar kuɗinsa, mahauci nake kira. Abin da bai ci ba, da me zai yi aiki?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni tsaf, ya sa aka kawo mini fura, sannan ya ce in na samo mai ci in dawo. Na fito ina ta juya maganar a raina. Abin da na ɗauka shi ne kirarin kayana, ashe a nan shi ne aibunsa.

Zango

Na koma Daura na hau motar Zango bayan azahar. A hanya na yanke shawara, daga yau ba zan ƙara cewa ba ta ci ba.

Kafin mu shiga gari akwai shinge. Jami'in ya ce me na ɗauko, na ce kwamfuta. Ya buɗe kwalin, ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan, ya ce, "To ina kwamfutar?" Na ce ita ce a hannunka, ranka ya daɗe. Ya auna ta a tafinsa yadda ake auna batirin waya a gane na jabu, ya kai ta kunne ya girgiza, ya mayar. Ya ce, "Wuce, bawan Allah. Allah ya sa dai ba cutarka aka yi ba." Fasinjoji suka bi ni da kallon tausayi har muka sauka.

A Zango na sami wani mai shagon koyar da kwamfuta kusa da tasha. Na kunna masa. Ya kasa kunne yana jira, can ya ce, "Kunna mana." Na ce ai a kunne take. Ya ce bai ji ta tashi ba. Na tuna da Alhaji Ɗanladi, na yi maza na ce, "Kuma tana cin wuta, tana ci sosai."

Ya ce, "To in tana ci, mene ne bambancinta da nawa? Ni abin da ya dame ni ke nan, kuɗin mai."

Na ce, "A'a, ba ta ci."

Ya ce, "Malam, tana ci ko ba ta ci?"

Jama'a, sai na shiga naɗe wayoyin da na haɗa. Ya ce in je in tambayo masu ita tukuna. A gidan Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinmu, na kwana. Ta tuƙa mini tuwon gero da miyar kuka, ta ce ta ji labarin an yi yayyafi ta wajen Baure, ta kuma tambaye ni ko Sale ya mayar da sansa.

Baure

Da sassafe na hau acaɓa, don motar ta ƙi cika. Ƙasa na ta ƙamshin yayyafin jiya, mutane sun fito suna sharar gona.

Malam Haruna mai makarantar Islamiyya aka kwatanta mini. Ya kai ni wani ɗaki, ga manyan akwatunan kwamfuta a jere duk sun mutu, allunan ne kawai ke da rai. Da muka zauna na ba shi labarin Sandamu da Zango gaba ɗaya, don na gaji da dabara. Ya yi dariya, ya gwada ta da kansa, ya tambayi ko solar da ke kan masallacinsu za ta ɗauke su. Na ce har da saura.

Ya ce, "Na saya duka. Amma ka kwashe kayan cikin tsofaffin akwatunan nan, ka ɗaure kowacce a ciki ka rufe."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ƙanƙantar ita ce kyanta."

Ya ce, "Iyayen yara za su leƙo. In suka ga wannan 'yar aba a kan tebur, cewa za su yi na sayar da kwamfutocin makaranta na sayo rediyo."

Na ce, "To ba a shiga algus ba kuwa?"

Ya ce, "Wa aka yi wa? Ni ne mai saye, na san abin da ke ciki. Yara kuma karatu za su yi."

Har yau ban gama warware wannan fatawa ba, amma na ɗauki sukudireba na yi aikin. Kafin la'asar ga akwatuna shida a jere, manya-manya, shiru kamar ba kowa a gida.

Sai maganar biya. Malam ya ce kuɗi a hannu sai kaka, amma yana da sa a turke, in ina so. Murna ta kama ni. Muka zagaya bayan gida, ga shi nan fari, dogo, sai dai haƙarƙarinsa a waje. Malam ya shafa masa tozo ya ce, "Ga shi da sauƙin riƙo. Ba ya ci da yawa."

Kafin in ankara bakina ya riga ni: "Haba Malam, san da ba ya ci da me zai ja gar..." Na dubi fuskarsa, ko murmushi babu. Zolayata yake yi da labarin da na ba shi, ko kuwa gaskiyar san yake gaya mini? Ban sani ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Na karɓi igiya.

Komawa gida

A-kori-kura ta 'yan kasuwa ta ɗauke mu, ni da san a baya. Na miƙa masa ɗan dusa a hanya ya kau da kai. Mun wuce Zango na sake miƙa masa, ya sake kau da kai. A shingen jiya jami'in nan ya gane ni, ya dubi san ya ce, "Yawwa, yanzu ka ɗauko kaya." Ban iya ko dariya ba, ina ta tunanin da wane baki zan gaya wa Yaya cewa na canza masa lafiyayyen sa da na mahauci.

Muna shiga Daura iska ta taso, ɗigon ruwa ya fara sauka. Yaya Sale ya fito ya zagaya san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ɗaga kofato. Ya shiga rumfa ya ɗauko damin harawa ya ajiye masa, muka tsaya a cikin yayyafi muna kallo. San ya sunsuna, ya ɗaga kai, ya dubi ɗan'uwansa na turke. Can sai ya sunkuya ya finciko harawar, ya shiga tauna, ya ƙara fincikowa.

Yaya ya ce, "Gajiyar mota ce da yunwar rani. Zai ja." Ya juyo ya dube ni a karo na farko. "Kai ma shiga ka ci abinci, jibi akwai huɗa."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo da Malam Haruna, har da Alhaji Ɗanladi da furarsa. Amma ban shiga ba sai da na ga san nan ya cinye damin tas, na roƙi Yaya ya ƙaro masa wani.