Ranar da na yi wa Inna tafinta

Muna cikin cin tuwo a gidanmu na unguwar Balad a Jidda, a shekarun 1970, sai baƙona, wani Bature ma'aikacin jirgin ruwa, ya fara bayanin cewa shi bai yarda akwai Allah ba. Da Turanci yake yi, murya sama, ga taga a buɗe.

Mahaifiyata ta ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Inna, wai miyarki ta yi daɗi."

Yana zuba hujjoji, tana ƙara masa miya. Da zai tafi ta sa masa albarka, na ce masa ta ce za ta yi tunani.

Shi ya faɗi ra'ayinsa, ita ta samu lada, ni kaɗai na kwashi zunubin ƙarya. Da ku ne, me za ku fassara?