Ciwon Ɓarin Kan Maigidana

Yaya ciwon da ba ya kisa zai tsare mutum biyu a gida ɗaya har su tsufa? Na tambayi malamai, na tambayi likita, har yau ban sami amsar da ta kwanta mini ba. Ni ban yi karatu ba, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Maigidana masunci ne a bakin tafki kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, ni kuma sana'ata bandar kifi. Tun muna da ɗa guda ciwon ɓarin kai ya kama shi, kullum ɓangaren hagu. Kafin ya taso sai ya riƙa ganin walƙiya a idonsa, ya kanne idon hagu. Da na ga haka na san an rufe mu. Sai in kashe wutar banda, domin ƙaurin hayaƙi amai yake sa shi. In toshe taga da tabarma, in ɗaure masa kai da tsohon rawani, in zauna a bakin ƙofa ina korar awaki. Ko daka ba na yi. Wani lokaci kwana biyu, wani lokaci uku, tarwaɗa na ruɓewa a kwando ina kallo. Bikin ƙanwata a Shanga ban je ba. Jana'izar innata ma sai da aka share makoki na isa.

Wanzami ya yi masa ƙaho har gefen kansa ya cika da tabo. Ya sha rubutu, ya sha ƙwayoyin kemis. Abokansa kuwa in ya fito sai tsiya: "Ango ya gama kwana ukun? Ciwon kai ai na mata ne!" Ya yi dariya tare da su, ya shigo gida ya ƙi cin tuwo.

Da muka manyanta na matsa masa muka je asibiti. Wata likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce akwai jijiya a kai da ke sakin wani abu kamar ɗan aike, shi ke kai saƙon ciwon. Ta ce yanzu an yi allura da ke tare ɗan aiken a hanya, sau ɗaya a wata, kuma mutane da yawa sun sami sauƙi.

"To, likita, ga hannuna," in ji shi.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ba ta iso nan ba. Ko a manyan birane da wuya ake samunta."

"Ashe ɗan aiken ya fi allurar sanin hanyar Yawuri," in ji maigidana.

Mun yi dariya, amma daga ranar ɗakin ya ƙara masa ƙunci. Dā yana haƙuri don ya ɗauka babu magani. Yanzu kuwa duk wanda ya dawo daga tafiya sai ya tambaye shi labarin allura. Daga baya ya daina tambaya, ya fara ɓoye mini ciwon.

Wata safiya ruwa ya fara janyewa, kifi ya yi yawa, kowa ya fita. Abokin kamun kifinsa ya yi sallama a zaure. Ina miƙa wa maigidana taru na ga idon hagu a kanne. Na riƙe tarun ban saki ba. A gaban baƙo ba zan ce wa mijina ba shi da lafiya ba, shi ma ya san haka.

Daga baya abokin ya ce suna tsakiyar ruwa amai ya taso wa maigidana, ya leƙa gefen kwalekwale, jiri ya kwashe shi ya faɗa ruwa. Sai washegari aka same shi wajen Ngaski. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ina ta kuka har yau, ban ɓoye wa kowa ba. Da ya zare tarun daga hannuna, murya ƙasa-ƙasa don kada abokin ya ji, abin da ya ce mini shi ne: "Sake ni, uwar yara. Kafin ya taso sosai na dawo."